Ƙasidar Mutuwar Seu Deodato

Ina da wani ɗan aibi da gara in faɗe shi da bakina kafin wani ya riga ni: ban iya gaya wa mutum gaskiya ba muddin ina ci a kwanonsa. Da yunwa a cikina ni zaki ne. A hanya nakan shirya magana mai zafi, in jera ta tsaf, har ni kaina in tsorata da ita. Ana ajiye mini faranti sai ta narke kamar man shanu a rana. Matata, kafin ta gaji da ni ta koma wurin ƙanwarta a Recife, ta taɓa cewa in aka kira ni shaida a kotu, lauyan ɗaya ɓangaren ba ya bukatar hujja, cokali kawai zai miƙo mini.

Kwanon da nake ci kuwa na gidan Seu Deodato ne (Seu a garinmu kamar a ce Malam ne), duk Asabar bayan an tashi kasuwa, shekara ashirin da shida. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke buga ta a ƙasida mai shafi takwas a ɗakin bayan gidansa, shi ke kai ta kasuwar Juazeiro ya rataya a igiya kamar shanya. Sai ya tsaya ya rera, mutane su taru, in ya kai inda labari ya ɗau zafi ya tsuke bakinsa, mai son jin ƙarshe ya sa hannu a aljihu. Ba kamfani, ba ubangida. Ni Genival, nawa aikin shi ne sassaƙa hoton bango a katakon umburana.

Seu Deodato mutum ne mai tsanani a kan karin waƙa. Kowane ɗango gaɓa bakwai, ba ƙari ba ragi. In ana karanta masa waƙa, yatsunsa ke ƙirgawa a kan tebur, ɗango na yin ɗingishi sai ya buga tafin hannu. Na taɓa kai masa tawa waƙar. Sau goma sha ɗaya ya buga a shafi guda, sannan ya ce, "Genival, Allah ya ba ka wuƙa. Riƙe ta da kyau." Ban sake ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama da harshe, ya bar masa ido da kunne, wanda a ganina nan ne muguntar ciwon take. Ɗansa Valdemiro, da muke kira Miro, ya ajiye acaɓa ya dawo gidan shi da matarsa Nilda. Ni na riƙe Miro ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa yake ce mini Kawu. Watannin farko ba ni da abin cewa. Sun wanke tsohon, sun juya shi, sun ba shi abinci a baki. Miro na kai tsofaffin ƙasidu kasuwa, ana saye jefi-jefi.

Sai wata Asabar Nilda ta tafi asibiti, ba mai zama da shi, Miro ya turo shi a keken guragu ya ajiye a gefen igiya. Kafin tsakar rana igiyar ta zama fayau. Daga ranar tsohon bai ƙara yin Asabar a gida ba. Bayan wata biyu aka ƙara Laraba.

Miro ya saya masa hular fata irin ta makiyayan jeji, mai igiya a haɓa. Seu Deodato a bayan coci aka haife shi, bai taɓa hawa doki ba, in ya hango saniya yakan tsallaka titi. Duk rayuwarsa farar riga mai guga yake sawa, kai ba komai sai man gashi. Amma baƙi masu waya a hannu sun riga sun san yadda mawaƙin yankinmu ya kamata ya kasance, kuma da hula suka san shi.

Tsofaffin ƙasidu suka ƙare, sababbi suka fara fitowa da sunansa a bango. Mijin da matarsa ke ɓoye kwarto a tukunyar ruwa. Akuyar da ta shiga coci. Yabon wani ɗan takarar kansila da tsohon ya taɓa kora daga ƙofar gidansa da tsintsiya. Miro ke rubuta su a kwamfuta, ya kai a yi masa hoton takarda, ya tsaya da lasifika a kunnen ubansa yana rerawa. Ɗango ɗaya gaɓa tara, na biye goma sha biyu, na uku Allah kaɗai ya san adadinsa. Tsohon kuwa yana zaune, hannun hagu na dukan hannun keken, dukan da na sani.

"Kun gani," in ji Miro a lasifika, "baki ya tafi amma kiɗa na nan a jini." Mutane su yi tafi, su durƙusa kusa da shi a ɗauke su hoto.

Bangon duk ƙasidun nan ni na sassaƙa. Akuyar ma ta yi kyau, in ba ku gaskiya.

Wata Asabar a cikin watan Agusta na yi niyyar magana. Nilda ta iya shinkafa da wake da cuku, wannan ko maƙiyinta ya sani. Ga nama mai gishiri, ga garin rogo da aka soya da man shanu. Na ce bari in fara kafin cokali na biyu.

"Miro, leɓen babanka ya tsage."

"Zafi ne, Kawu. Dubi nawa ma."

"Nilda, kin ba shi ruwa da safe?"

"Ranar kasuwa sai ya dawo," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "In ya sha, a ina za a canza masa? Gaban masu tumatir? Kai za ka canza masa, Seu Genival? In za ka iya, gobe tulu guda zan ɗura masa."

Ban ce zan iya ba. Na ce, "To ko laima ce a sa masa."

"Laima na rufe fuska, hoto ba ya fita," in ji Miro. "Kawu, mutanen nan wasu daga São Paulo suke, wasu daga ƙetare. Ba waƙa suke saye ba, rabinsu ba za su buɗe ta ba. Shi suke zuwa gani. Kuma likita da bakinsa ya ce a riƙa fita da shi yana ganin jama'a."

"Likita ya ce awa bakwai?"

"Likita bai faɗi awa ba."

"Ƙasidun nan kuma da kake sa wa sunansa fa?"

"Sunan wa zan sa? Nawa? Wa ya san ni in ban da 'yan acaɓa? Wani gona ake bar masa, wani shanu, mu suna aka bar mana. Wanda aka bar wa gona ai noma ta yake yi."

"Bai bar muku ba tukuna. Ga shi can a ɗaki."

Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da na taɓa yi a rayuwata, kuma na yi ta ne ina miƙa faranti a ƙara mini nama.

Washegari na kira 'yar tsohon, Marinalva, a São Paulo, domin a waya ba a ajiye wa mutum faranti.

"Kawu, ni da nake goge gidajen mutane daga shida zuwa shida, me kake so in yi? In kawo shi nan, bene hawa huɗu, ɗaki ɗaya? Miro ne ke wanke masa kashi, wanda ke wanke kashi shi ke da magana. Kuma na ga bidiyon, Baba har kiɗa yake bi da hannu. Na nuna wa uwar ɗakina, sai da ta yi ƙwalla."

A Satumba gyambo ya fito masa a ƙugu saboda zaman keke. Nilda ta yanko tsohuwar katifa ta shimfiɗa masa, ta ce an gama da wannan. Ya daina buɗe ido a kasuwa. Miro ya saya masa baƙin tabarau, baƙi suka ɗauka har makanta ta haɗu masa, ciniki ya ƙaru. Ya rame har igiyar hular sai an yi mata ƙulli biyu. Abu ɗaya bai daina ba, dukan hannun keke.

Farkon Oktoba Miro ya shigo shagona ya jawo ƙofa.

"Kawu, katako ɗaya nake so, amma tsakaninmu."

"Wane ɗan takara ne kuma?"

"Baba ne. A kwance, ko a zaune da mala'iku, kai ka san wanda ya fi. Da hular dai."

Na ajiye wuƙa.

"Ba fata nake yi ba," in ji shi. "Kai ma ka gan shi. Kuma ka san sana'ar nan: ƙasidar mutuwa in ba ta fita kafin a rufe kabari ba, takardar ƙunshe sabulu ce. Shi da kansa ya koya mini. Sau nawa ya sa ka sassaƙa mutum tun yana gadon asibiti?"

Sau uku. Ban faɗa ba, amma ya gani a fuskata.

"Ga ziyarar ranar matattu, da ake zuwa daga ko'ina, saura sati huɗu. Masu ziyarar nan su ne mutanensa na asali, su suka san waƙarsa da ka. In abin ya faru suna gari ba mu shirya ba, shi muka cuta."

Na ce ba zan yi ba. Na faɗa da ƙarfi, domin a shagona muke. Sai ya ce in zo Litinin in ji waƙar kawai, Nilda za ta yi dambun masara da kaza. Na je.

A falo ya karanta mini, ƙofar ɗakin tsohon a buɗe. Ya sa kalmomin a bakin uban, wai shi ke ban kwana: "Ya ku jama'a masu ziyara, yau ga ni nan zan kama hanyar lahira." Kafin ya kai ƙarshen baitin farko aka fara dukan katakon gado daga ciki.

"Miro, yana ji."

"Ji daban, ganewa daban, Kawu. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta taɓu."

Da ya gama ya fita sayen takarda, Nilda ta leƙa maƙwabta. Na shiga ɗakin, wai in dubi fuskar da zan sassaƙa, ni da na ce ba zan yi ba. Yana kwance an tokare shi da matashi. Ya daina dukan, amma babban yatsansa da manuni suna tsinto wani abu a kan bargo suna ajiyewa gefe. Shekara biyu yana wannan, duk muka ce ciwon ne. Ranar, don na rasa inda zan sa idona saboda kunya, na tsaya ina kallon yatsun. Ba yawo suke yi ba. Su je sama ta dama, su dawo tsakiya, su sake komawa daidai inda suka je ɗazu. Na san wannan tafiyar. Na fi shekara ashirin ina ganinta a ɗakin baya.

Akwatin haruffan dalma yana nan inda ya bar shi, faffaɗa mai ƙananan gurabe, kowane harafi da gidansa. Nilda ta ɗora buhun wake a kai. Na sauke buhun, na hure ƙura, na kawo na ɗora masa a cinya, na riƙe ɗan ƙarfen da ake jera haruffa a ciki. Bai dube ni ba. Hannun hagu ya shiga aikin da ya saba gani na dama na yi, harafi na faɗuwa ina tsincewa. Ya ɗauki kwata na awa. Haruffan ɗab'i a juye suke, amma ni da nake sassaƙa duniya a juye tun ina da gashi, karanta su ba wuya.

Na shirya zuciyata in ga "ka cece ni". Ga abin da ya jera:

ɗango na uku gurgu ne

Na zauna a ƙasa ina dariya, har na kasa gane ko dariyar ce nake yi. Ya taɓa kafaɗata da yatsa, in tashi, bai gama ba.

na biyar ma

Bayan wannan ya jera "ruwa". Kofi uku ya sha. Sannan ya huta, ya jera na ƙarshe na ranar:

kar a kai ni kasuwa

Wannan ban wargaza shi ba. Na riƙe ƙarfen da hannu biyu kamar ƙwai har Miro ya dawo, na karanta masa. Ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa ta saki, na ga yaron da na riƙe a coci yana tsala kuka don an zuba masa ruwa a ka. Sai fuskar ta sake ɗaurewa.

"Kawu, kai ka jera."

"Shiga ka gani da idonka."

Ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ƙafarsa ba ta tsallaka ba. "In ka riƙe hannun mutum ai komai ma sai ya rubuta."

"Ƙarfe na riƙe, ba hannu ba."

Nilda na bayansa da tsumman goge hannu. Ta ce, "Seu Genival, in har yana gane komai, to shekara biyun nan me muke yi ke nan?" Ba ta jira amsa ba, ta koma wurin tukunyarta. Daga ranar in za ta shiga ɗakin sai ta ƙara ƙarar rediyo.

"In wasan na kwantar masa da hankali ku yi ta yi," in ji Miro. "In kuma ka gyara mini waƙar, na gode. Amma kasuwa ba fashi. Magani da kunzugu ba daga sama suke faɗowa ba."

Yamma goma sha ɗaya muka yi, ban da Laraba da Asabar, don ranar kasuwa yakan dawo ba ya iya ɗaga yatsa. Waƙar Miro ko kalma ɗaya bai bari ba. Haruffan ba su da yawa, Miro ya taɓa sayar da rabi, saboda haka in ya gama ɗango sai in kwafe shi a ɗan littafina, in mayar da kowane harafi gurbinsa, ya fara na gaba. Akwai yammar da ya ƙarar a kan ɗango ɗaya tak, ya jera, ya ture, ya jera, ya ture. Na kawo masa shawarar wata kalma, ya jera mini "riƙe wuƙarka". Na tambaye shi, "Seu Deodato, ka san ta mece ce, ka san abin da za su yi da ita. Me ya sa kake taya su?" Ya jera, "ba don su ba".

Baiti talatin da biyu ne. Ga wanda ya fi zauna mini:

Na shekara arba'in
Ina waƙa a rana,
Ban roƙi inuwa ba,
Na dai tsare sunana.
In kun wuce kabari
Ku bar ni in yi kwana.

Abin da ba wanda ya yi tsammani, aikin ya tashe shi. Ya fara cinye abincinsa. Kumatu suka ɗan ciko. Wata yamma na same shi ya sa Nilda, da nuni da ƙugi, ta shafa masa mai a gashi. Miro ya dube shi daga bakin ƙofa, ya dubi tulin takardar da ya riga ya saya, ta ƙasida dubu uku, tana jiran bugu.

"Kawu, wane magani kake ba shi ne?" in ji shi, yana dariya. Ni ma na yi dariya. Mun yi ta tare, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Ranar da aka gama, tsohon ya jera mini saƙo biyu: "sunana a bango" da "ba hula". Na kai wa Miro.

"Hula ka yi yadda kake so. Suna kuwa, Kawu, shekara biyun nan sunan wa nake sawa?"

Na sassaƙa tsohon a tsaye, kai ba hula, riga mai guga, baki a buɗe, hannun dama a sama. Ban taɓa yin katako mai kyansa ba. Na kai masa, ya bi shi da yatsu kamar yadda ya saba yi wa kowane katako kafin ya shafa tawada. Bai buga hannu ba. A wurinsa wannan lambar yabo ce.

Ziyara ta zo. Manyan motoci daga Alagoas da Pernambuco suka cika gari, tsofaffi cikin baƙaƙen kaya da hulunan kaba, zafi kamar an buɗe tanda. Kwana huɗu ake yi, Miro ya ce kwana huɗun nan su ke ciyar da gidan har Kirsimeti. Tun shida na safe ake turo tsohon, sai rana ta faɗi.

Ranar farko na zo da laima, na tsaya a kansa. Miro ya ƙyale ni har bas ɗin baƙi ta farko ta tsaya, sannan ya ce, "Kawu, ɗan matsa." Na matsa. Bas ta bi bas, ban samu na dawo ba.

Rana ta biyu na ɓoye gorar ruwa a riga na ba shi. Ya sha da haɗama. Kafin sha ɗaya ya jiƙe, ba inda za a canza masa, haka ya zauna a ciki da gyambonsa har yamma. Da na zo taya su tura keken, na ɗaga tabaran, ya dube ni. Washegari ban kawo ruwa ba.

Rana ta uku Miro ya rera ta akuya sau huɗu, ta kwarto sau uku. Ina gefe ina sayar da 'yan hotunana, sai na ji wani abu ya ragu a hayaniyar, na kasa gane ko mene ne. Dukan hannun keke ne babu. Na ce a raina ya gaji ne. Mutane na ta durƙusawa kusa da shi suna murmushi ana ɗauka. Wajen ƙarfe biyu wata tsohuwa daga cikin masu ziyara, wadda ta ce tun tana budurwa take sayen waƙarsa, ta sunkuya ta sumbaci hannunsa. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, kashe abin maganar nan. Bawan Allahn nan ba ya numfashi." Likita ya ce tun wajen sha biyu ne.

Washegari ita ce ranar matattu, kuma da yamma za a binne shi. Na biyo ta kasuwa da safe in sayi fure, sai na ji lasifika. Na tsaya cak, domin ba ɗangon da ke ɗingishi. Mutane sun fi ɗari, mata na share hawaye da bakin gyale, maza sun cire huluna. Miro na rerawa, muryarsa na rawa da gaske, gawar ubansa na gida tare da Nilda. Ya kai baiti na ashirin ya tsuke bakinsa, hannuwa suka shiga aljihu. Na kutsa na ciro ɗaya daga igiya. Ga katakona, ga tsohon a tsaye ba hula. A sama an rubuta Ban Kwanan Mawaƙi Deodato. A ƙasa: Mawallafi, Valdemiro, ɗansa.

Na ja Miro bayan rumfa.

"Kawu, yi tunani," in ji shi, yana share gumi. "Jiya ya mutu, yau in fito da waƙar mutuwarsa da sunansa? Su ce yaushe ya rubuta? Mutumin da kowa ya san ba ya magana? Su ce tun yana da rai muka buga muna jira?"

"Ai haka aka yi."

"Shi ya sa. Kuma ni na fara ta, kai shaida ne. Sunan Baba zai bi shi kabari yau, dole wani ya tsaya a igiyar nan. Akwatin gawar ma ba kyauta ba ne." Ya kama hannuna. "Ka zo gida bayan jana'iza, Nilda ta dafa wa mutane."

Ba wanda ya taɓa marin tsohon. Ba ranar da ya kwana da yunwa. Da za a kawo ɗan sanda ya bincike gidan nan, zanin gado wankakke zai tarar da magani a jere bisa tebur. Miro bai yi ƙarya ba da ya ce kasuwa ke sayen maganin. Nilda ba ta yi ƙarya ba da ta ce ba wurin canza masa. Marinalva da gaske a hawa na huɗu take. Baƙin da suka durƙusa kusa da gawa suna murmushi ƙaunar waƙa ce ta kawo su. Ni kuma, kowa ya sani, ba gidana ba ne. Na auna hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda shi yake auna ɗango, ban samu gurguwa ko ɗaya ba. Kowace tana tsaye da ƙafarta. Da su aka kashe shi, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, gaban mutanen da suka haddace waƙarsa. Shekara biyu ya zauna yana dukan ƙarfe saboda an manna sunansa a kan abin da ba nasa ba, kuma sunan da ya roƙa a sa masa a ƙarshe bai fi faɗin yatsa biyu a kan takarda ba.

An sake buga ƙasidar sau bakwai. Makarantu na gayyatar Miro ya rera wa yara, malamai na cewa ɗan ya shiga muryar uban har ba a bambancewa. Bai ƙara rubuta wata ba, ya ce baƙin ciki ya busar masa da kai, mutane suka ƙara girmama shi. Hular fatar shi ke sa ta yanzu, kuma ta yi masa daidai.

Ni kuwa na fara ba da labarin nan, a shagon aski, a layin burodi, duk inda ba faranti. Ana saurara, a girgiza kai, sai wani ya ce, "To Genival, ina shaida?" Akwatin haruffa Nilda ta sayar wa mai narka dalma a satin da aka yi jana'iza. Kowane ɗango da tsohon ya jera, ni da hannuna na wargaza shi na mayar gurbi. Abin da ya rage shi ne ɗan littafin da na kwafe baitocin a ciki, kuma daga shafin farko har na ƙarshe rubutun hannuna ne.